Tsakaninmu Mata: Ƙananan Ƙudajen Nan Masu Bin Kofin Zoɓo

Ku matso kusa, 'yan uwa, maganar yau ta cikin ɗaki ce. Amarya, ɗago kanki. Ke kika raɗa mini ita, kuma kin yarda in buɗe ta a nan, to ki saki jiki. Duk wadda kika gani a kan tabarmar nan, abin ya taɓa samunta.

Dangin miji ne suka zo wa Amarya wuni. Ta tashi tun asuba ta haɗa zoɓo da abarba da citta da kanumfari, ya yi sanyi ƙarara. Ana cikin zubawa a kofuna sai ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje sun taso daga kicin suna shawagi a bakin jug, har ɗaya ya faɗa kofin yayar maigidan. Ba wanda ya ce uffan. Baiwar Allah ta sa ɗan yatsa ta tsame shi, ta ajiye kofin, ba ta ƙara waiwayarsa ba. Tun ranar Amarya ba ta da sukuni, gani take an tafi da ita a baki, ana cewa ɗansu ya auro ƙazama.

To, ƙanwata, ki ji daga bakina, ni da nake koya wa yara labarin wannan ƙwaro a aji: zuwansa gidanki ba shaidar ƙazanta ba ce. Babban ƙudan gida, wanda ke tashi daga masai ya sauka a kan tuwo, shi ne mai bin ƙazanta. Wannan ƙaramin ƙamshi yake bi, ƙamshin abin da ya nuna har ya soma tsami. Gidan da ake yanka gwanda da kankana, ake jiƙa gero, ake tace kunun aya, nan yake nema. Da ba kya wahalar haɗa wa baƙinki abin sha, da bai san hanyar ɗakinki ba.

Wata rana ki samu ɗaya ya sauka a bakin kofi, ki tsaya ki dube shi da kyau kafin ki kore shi. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Idanunsa jajawur, jikinsa ruwan ƙasa mai haske, a cikinsa akwai baƙaƙen ratsi a jere. Namijin ya fi ƙanƙanta, kuma ƙarshen cikinsa baƙi ne wuluk. Ba ya cizo, ba ya shan jini. Tashinsa ma a sanyaye yake yi, yana lilo a iska a daidai inda ƙamshin yake.

Na ji ki, Hajiya. Kin ce ai daga cikin ayabar suke fitowa, ita ke haifar su idan ta ruɓe. Haka Inna ma take faɗa, kuma haka manyan masana suka ɗauka shekaru aru-aru, har sai da wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya gwada a 1668. Ya zuba nama a kwalabe, waɗansu ya bar su a buɗe, waɗansu ya rufe bakinsu da ƙyalle mai laushi. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya samu sauka a kai, wanda aka rufe kuwa ko ɗaya. Abin da ke faruwa da ayabarki ke nan. Tun tana kan tebur a kasuwar 'Yan Lemo, ko a baron mai talla, macen ƙudan ta riga ta sauka a inda ɓawon ya ɗan tsage ta ajiye ƙwai. Ƙwan fari ne, wajen rabin milimita, idan ba ki ƙura ido ba ba za ki gan shi ba. Ke da kanki kike shigo da shi a leda, da kuɗinki.

Ku bi ni a hankali a nan, don duk maganin yana cikin wannan lissafi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya. Farar tsutsa ta fito, ta nutse cikin laushin ɗan itacen tana ci, kwana 4 zuwa 5. Idan ta ƙoshi sai ta rarrafo ta nemi busasshen wuri, gefen kwando ko murfin bokitin shara, ta ƙulle kanta cikin wani ɗan ɓawo mai tauri kamar ƙwayar riɗi. Da yawanku kun sha goge su a jikin bokiti kuna zaton datti ne. Bayan kwana 4 ko makamancin haka ƙuda ya fasa ya fito, kuma kafin kwana 2 macen ta soma nata ƙwan. Daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 10 ne idan ɗumin ɗaki yana wajen digiri 25, in ya ɗan fi haka ɗumi ma ba ya kaiwa. Mace ɗaya kuwa tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa kafin ta mutu. Shi ya sa za ki tafa hannu ki kashe goma da daddare, da safe ki tarar da ashirin. Waɗanda kike gani a sama 'yan kaɗan ne, yawancinsu suna kwance a wani lungu suna jiran ranarsu.

Kuma ba naman ɗan itacen ne ainihin abincinsu ba. Yis suke ci, dangin wanda muke sa wa fanke da alkubus, amma na daji, wanda ke zaune a jikin ɓawon 'ya'yan itace. Da ɓawo ya fashe, yis ya samu zaƙi, sai ya shiga juya shi zuwa barasa, waɗansu ƙwayoyin halitta kuma su bi baya su mai da barasar khal. Wannan ƙamshi mai ɗan tsami-tsami shi ke kiran ƙudan daga nesa. Har ɗaukar yis ɗin yake yi a ƙafafunsa daga wannan mangwaro zuwa wancan, ya gaggauta ruɓar na biyun. Saboda haka, ke mai sayar da zoɓo, idan aka ɗauke wuta ya kwana ba sanyi, kika ga sun yi dandazo a bakin bokitin, ki ɗanɗana kafin ki ɗura a gora. Hancinsu ya riga harshenki sanin abin ya fara juyawa.

Waɗanda ƙwaron nan ya fi takura wa a duniya su ne masu giyar inabi a Turai. A'uzubillahi, na ji ki, Hajiya, ba shanta muka zo yi ba, abin da suka gano za mu ɗauka. Masu yin ta suna tsoronsa a lokacin tsinkar inabi, saboda yana kwaso ƙwayoyin nan masu mai da ita khal. Masu ɗanɗana ta kuma sun daɗe suna cewa ƙuda guda ɗaya tak in ya faɗa kofi ya ɓata shi, mutane na ɗauka iyayi ne. Sai masu bincike na Jami'ar Kimiyyar Noma ta Suwidin suka gwada, tare da ƙwararrun masu ɗanɗano a Jamus. Ashe gaskiyarsu ce. Macen ƙudan tana fitar da wani sinadari mai wari don jawo namiji, kuma hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ya yi ƙanƙantar da ba a zato. Kofin da mace ta shiga, ko an cire ta, masu ɗanɗanon sun gane shi. Na namijin kuwa bai bar wannan warin ba. Aikin ya samu kyautar Ig Nobel a 2018, wadda ake bai wa binciken da ke fara ba mutum dariya sannan ya sa shi tunani. To kin ga, Amarya, yayar maigidanki da ta ajiye kofi mai yiwuwa ba raini ba ne. Wataƙila abin da ta ji a hancinta ke nan.

Su can dabararsu ita ce ɗora wani ɗan faranti ko takarda a bakin kofi tsakanin kurɓa da kurɓa. Mu kuwa wa zai koya mana wannan? Kakanninmu ba sa miƙa wa baƙo ƙwaryar fura sai da faifai a kanta da ludayi a sama. Mu ne muka koma jug marar murfi da kofunan tangaran a jere a tire, a buɗe, ana ta hira abin sha yana shan iska.

Bari in ba ku abin da ya fi daɗaɗa mini rai a labarinsa. Wa ta taɓa tsintar nunu a gindin danya? Gwaggo, na san ke kin yi. Ki tuna yadda yake zubowa ƙasa yana kore, ya yi kwanaki a nan ya koma rawaya, ƙamshinsa ya cika wurin, a ɓantare ɓawon a tsotse ruwan mai zaƙi da tsami. To wannan ƙudan da ya cika duniya, daga kicin ɗin Amurka har na Japan, asalinsa ɗan Afirka ne. Masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin sun bi sawunsa har dajin Matobo a Zimbabuwe, inda yake rayuwa nesa da gidajen mutane, suka tarar a can 'ya'yan wannan itaciya yake bi, ita danyar tamu, wadda mutanen kudancin Afirka ke kira marula. Sun buga sakamakon a 2018. A ganinsu, mutanen San da suka zauna a kogunan duwatsun yankin suna tara 'ya'yan da yawa a cikin kogo, ƙudan ya bi ƙamshi ya shiga, ya saba da duhu da zama kusa da mutum, daga nan ya kama bin ɗan Adam duk inda ya sa ƙafa. Dubban shekaru ke nan yana tare da mu. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji haushinsa ya ragu a raina, ko da yake ba ya hana ni korarsa.

Kuma ya yi wa ɗan Adam rana. Saurin haihuwar da ke ba mu ciwon kai shi ya sa masana suka zaɓe shi. A 1910 Thomas Hunt Morgan, a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya ga namiji ɗaya mai farin ido a cikin jajayen ido, ya bi zuriyarsa, daga nan aka fahimci yadda 'ya'ya ke gadon kamanni daga iyaye. Ya karɓi kyautar Nobel a 1933. A 1947 ƙudajen nan su ne dabbobin farko da aka harba sararin samaniya a roka. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2017, kan agogon da ke cikin jiki mai sa mu barci da farkawa, a jikin wannan ƙudan aka yi aikinta.

To, mu koma kicin.

Abu na farko, kuma ina roƙonku don Allah: kada wadda ta ɗauko fiya-fiya ta yayyafa a inda take dafa abinci. Na san ana yi. Ana tsoma tsintsiya a watsa a lungu, a rufe ƙofa, a ce kafin safe sun mutu. Sinadarin da aka fi haɗa shi da shi, dikulobos, maganin ƙwarin gona ne, guba ne mai shiga ta numfashi da ta fata, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta sa takunkumi kan sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Ki tuna wa ke rarrafe a daɓen nan, wa ke tsintar abu ya kai baki. Ga shi kuma ba ya ma biyan buƙata: ya kashe masu tashi, tsutsar da ke nutse cikin ruɓaɓɓen tumatir tana nan lafiya lau, jibi ta fito. Ƙwaron da ba ya cizo bai kai a sa numfashin yaro a haɗari dominsa ba.

Aikin gaske shi ne neman inda suke ƙyanƙyasa, kuma sai kin durƙusa. Kwandon 'ya'yan itace kowa na dubawa. Wuraren da ake mantawa su ne matsalar. Zazzage buhun albasa har ƙasa, sau da yawa akwai guda ɗaya da ta narke tana ɗiga. Haka dankali, haka tumatirin da ya fashe a ƙasan kwando. Duba ruwan tsamin da ke kan gasara in ya kwana biyu ba a sauya ba, da dusar aya da ganyen zoɓon da aka tace aka bari a roba za a zubar anjima, anjimar ta zama gobe. Gorunan da aka tara za a wanke, kowace da ɗan guntun zaƙi a gindinta, ɗigo kaɗan ya ishe su. Tsumman goge tebur da aka dunƙule da danshinsa, da mofa a bokiti, da ƙarƙashin robar murfin bilenda. Bayan firiji, a ƙasa, akwai wani ɗan tire da ruwa ke taruwa a ciki, wasu har su rabu da firijin ba su san da shi ba. Jakar makarantar yara ma a leƙa, ɓawon ayaba yana iya yin mako a ciki.

Sai magudanar wurin wanke-wanke. A jikin bututun akwai wani yauƙi da ke taruwa daga ruwan shinkafa da guntun miya, a nan ma suna iya yin ƙwai. In kina shakka, ki kifa farar leda a bakin ramin da daddare ki danne gefenta. Idan da safe kin ga ƙudaje a ciki, kin gano gidansu. Zuba ruwa kawai ba ya fitar da yauƙin, wucewa yake ta kansa. Ki sa buroshi mai dogon hannu ki dirje da omo, sannan ki bi da ruwan zafi. Shara kuma a fitar da ita kullum kafin a kwanta, a ɗauraye bokitin, a kife shi ya bushe, don ruwan da ke tsiyaya ƙasan leda ya fi sharar kanta jawo su.

Bayan wannan ne tarko ke da amfani, don kwashe manyan da suka rage kafin su sake zuba ƙwai. Ki samu ƙaramin kofi ko kwalba, ki zuba khal tuffa kaɗan, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo ɗaya ko biyu. Saman ruwa yana da wani ƙarfi da ke ɗaukar ƙaramin ƙwaro ya tsaya a kai ya sha ya tashi abinsa. Sabulun ne ke karya wannan ƙarfi, yana sauka sai ya nutse. Ki rufe bakin da leda, ki ɗaure, ki huda 'yan ƙofofi da tsinken sakace. Dama an ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Wadda ba ta da khal, guntun zoɓon da ya kwana ko ruwan tsamin gasara yana yi. Wasu kan sa ɓawon ayaba da ɗan yis a kwalba, su naɗe takarda ta zama mazurari su cusa a baki, ƙudan ya shiga ya kasa gane hanyar fita. Wannan yana kamu sosai, amma ki zubar ki wanke duk bayan kwana 2 ko 3, in ba haka ba kin buɗe musu ɗakin haihuwa da hannunki. Kuma tarko a lungun da suke taruwa ake ajiye shi, nesa da inda ake cin abinci, tunda kiransu yake yi.

Ranar baƙi, abu biyu sun ishe ki: murfi da fanka. Ba su da ƙarfin fiffike, iska kaɗan take hana su sauka. Yankakkun 'ya'yan itace kada su fito sai za a ci, ɓawon kuma ya fita daga gidan nan take. In babu wuta balle firiji, ki sayi daidai na kwana biyu, ki wanke su da zarar kin shigo, ki tsane, ki lulluɓe da ƙyalle mai ƙananan ido irin na tatar koko. Ragar taga ba ta cika tare su ba, ta cikin idonta suke wucewa.

Kin tambaya, Maman 'yan biyu, in ya riga ya faɗa fa? Ba zan ɓoye muku ba, bincike ya nuna yana iya kwaso ƙwayoyin cuta masu sa gudawa a jikinsa, daga ƙazamin wuri zuwa abinci mai tsabta, tunda ƙafar da ta taka magudana ita ke taka bakin kofi. Guda ɗaya a kofin babba mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma kunun jariri, da abin shan marar lafiya ko tsohuwa, da kofin baƙo, ni dai zubarwa nake in sake wani.

Akwai wani abu da ake haɗawa da wannan, alhali daban yake. Mangwaron da za ki yanka, bayansa lafiya sumul, ki tarar da tsutsa a ciki, ba aikin ɗan ƙaramin nan ba ne. Shi ba ya iya huda lafiyayyen ɓawo. Wani ƙuda ne da ya fi shi girma, mai ratsin rawaya, wanda macensa ke soka ƙwai tun mangwaron yana bisa. Akwai irinsa na asalin Afirka, akwai kuma wanda ya shigo daga Asiya, aka fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya bazu har Afirka ta Yamma, yana jawo wa manoma asara mai yawa. Ke da kike da bishiyar mangwaro ko gwaiba a tsakar gida, Hajiya, faɗaɗɗun 'ya'yan da ke ƙasa suna ciyar da duka biyun. A tsince su kullum, a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana ta yi kwanaki, ko a binne su da zurfi. Share su zuwa gindin katanga bai raba ki da komai ba.

Za ku lura kuma ba kullum suke da yawa ba. Bushewar hunturu tana kashe su, zafin bazara in ya tsananta ma yana karya su, sai su maƙale a wurare masu danshi, gindin randa da bakin rariya. Da ruwa ya sauka, ga ƙarshen mangwaro ga laima, sai su ɓarke. Azumi ma, a kowane yanayi ya zo, lokacinsu ne, don babu watan da ake yanka 'ya'yan itace da haɗa abin sha kamarsa.

Ki ba aikin mako biyu cur, Amarya, kada ki karaya a kwana na uku don kin ga waɗansu na tashi. Waɗanda suka riga suka ƙulle a ɓawonsu ne ke fitowa, tarko zai kwashe su. Idan mako biyu suka cika suna nan yadda suke, to akwai lungun da ba ki gano ba, ki sake durƙusawa. Tunda kuma gidan haya kike, rariya ɗaya kuke zuba ruwa da maƙwabta, mai yiwuwa daga can suke tasowa. Kada ki aika yaro da saƙo. Ki shiga da sallama da kanki, ki ce abin ya dame ki a naki ɗakin, ko ita ma tana ganinsu, ku sa rana ku wanke rariyar tare.